Waƙar Inna a Kan Layi Biyar

Maigidana ya haura hamsin kafin ya gano cewa shi makaɗi ne. Kafin nan kwaɗo da makulli da ƙusa yake sayarwa a babbar kasuwa, Grand Marché, a shagon da ya gada wajen mahaifinsa, kuma ban taɓa jin ya yi ko fito ba. Wata rana wani ɗan Nijar mai kawo kayan gwanjo ya sauke kaya kusa da shagon, a ciki har da piyano na lantarki wanda maɓalli ɗaya ya fita, sai ka ce mai giɓi. Alhaji ya rungumo shi a bayan mashin ya kawo mana gida Ridina.

A Ridina in ka yi atishawa maƙwabci ne ke yi maka addu'a. Don haka ba a daɗe ba unguwa ta san mun yi baƙo. Matar gidan da ke bayanmu ta aiko tana tambaya ko akuyarmu ce ba lafiya. Ni ma na gaji na tambaye shi me yake nema a cikin abin nan da yake ta caccaka da yatsa ɗaya. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Akwai wata waƙa da marigayiya mahaifiyarsa ke yi masa yana ƙarami, tana niƙa yana kwance a gefenta. Kalmomin sun ɓace masa, sautin kaɗai ya rage, shi ma yana ta zubewa. Yana so a rubuta ta kamar yadda Nasara ke rubuta kiɗa, tun Inna, ƙanwar mahaifiyar tasa, tana da rai. Na so in yi dariya, amma na ga fuskarsa, na haɗiye.

Aka yi mana kwatancen wani tsohon soja a unguwar Toukra, mutumin kudu, wanda ya busa ƙaho a ƙungiyar kiɗan sojoji har ya yi ritaya ya koma kiwon agwagi. Shef muke ce masa. Ba ya jin Hausa, Larabci da Faransanci kawai, kuma darasin kiɗa da Faransanci yake yin sa. Faransancin Alhaji kuwa iyakarsa sunayen kayan shago, ni ce na ɗan zauna a lakwal, makarantar boko, saboda haka na zama tafinta ba tare da an nemi shawarata ba.

A ƙarƙashin dalbejiya Shef ya jingina allo, ya ja layi biyar, ya zana wani abu mai lanƙwasa a farkonsu, ya ce sunansa makullin sol. Alhaji ya gyara zama, an zo fagensa. Ya ce shekara da shekaru yana sayar da makulli bai taɓa ganin mai wannan siffa ba, ina kwaɗonsa? Shef ya ce ba shi da kwaɗo, aikinsa ya nuna layin da wani sauti mai suna sol ke zaune, daga nan a gane mazaunin sauran. Alhaji ya ce to wannan mai unguwa ne, ba makulli ba.

Sai aka zo kan ƙwayoyin da ake ɗorawa a kan layukan, kowace a madadin sauti. Akwai mai kama da ƙwai, babu komai a cikinta, ita ake riƙewa har bugu huɗu. In aka sa mata sanda ta zama fara, bugu biyu. In aka cike cikinta da tawada ta zama baƙa, bugu ɗaya. In aka ƙara mata ƙugiya a saman sandar, rabin bugu. Na fassara masa cewa fara ɗaya daidai take da baƙa biyu. Alhaji ya dube ni, ya dubi Shef, ya tambaya wa ya tsara haka. Shef ya yi dariya har agwagi suka watse, ya ce ai ba sai an faɗa ba.

Wata alama mai suna diyez kuwa Alhaji ya rantse ya san ta, ita ce wadda ake dannawa a waya. Shef ya ce a nan aikinta ta ɗaga sauti sama kaɗan, bemol ta sauke shi kaɗan, akwai ta uku mai soke su duka biyun. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne har shiru ana rubutawa. Wata 'yar alama mai kama da tsutsa, sunanta da Faransanci ajiyar zuciya, ma'anarta ka yi shiru na bugu ɗaya. Shef ya ce a soja akwai kiɗan da rabinsa shiru yake yi yana jira, kuma aiki ne. Na ce a rubuta mini ita babba in liƙa a jikin piyanon gidanmu. Wannan ban fassara wa Shef ba.

Piyano ma ashe ba sunan kayan kiɗan kaɗai ba ne. In ka ga harafin p a ƙarƙashin layi, piyano ake nufi, wato a hankali, bishesh kamar yadda Shef ya faɗa da Larabci. In f ne, forte, da ƙarfi. Alhaji bai taɓa samun p ɗin ba. Ko ya fara bishesh, kafin ya kai ƙarshen layi ya zama mai kiran ciniki.

Da damina ta ɗauke muka ɗauki Inna a tasi zuwa Toukra. Tsohuwa ce ƙarama, haƙora kaɗan, baki da yawa. Tun a hanya ta ce ita ba ta ga dalilin kai waƙar niƙa wurin soja ba. Da muka isa ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma, ta ce ba ta iya waƙar hannu banza. Matar Shef ta kawo mata dutse da ɗan gero. Ta durƙusa, ta fara.

Alhaji ya sunkuyar da kai tun a sautin farko. Shef kuwa fensir ya ɗauka yana ɗiga ƙwayoyi. Matsalar ita ce Inna ba ta maimaita abu iri ɗaya. In ya ce ta sake, sai ta sake da wani salo, ta ja inda ɗazu ta datse. Wani sautin kuma ya neme shi a piyanonsa ya rasa, ya sa diyez bai yi ba, ya sa bemol bai yi ba, ya ce wannan a tsakanin maɓallai yake zaune. Inna ta ce a gaya masa kayansa ne ba su cika ba. Daga ƙarshe ya koma ɗora wata alama a kan ƙwayoyin, baka da ɗigo a ƙarƙashinsa, kamar ido da gira. Na tambaya, ya ce ma'anarta mai waƙa ya riƙe sautin iya son ransa. Da na gaya wa Inna, ta ce duk cikin zanen nan wannan ce kaɗai mai tarbiyya.

Ni tun a baiti na biyu na toshe bakina da mayafi, don na ji kalmomin. Alhaji bai ji ba, sautin ya tafi da shi. Sai da Shef ya ce yana so ya rubuta a saman takarda yadda za a rera ta, ya tambaya me waƙar ke cewa. Alhaji ya amsa da Larabci cewa rarrashin yaro ce, uwa da ɗanta. Shef ya gyaɗa kai ya rubuta dolce, wato da taushi, da daɗi.

Inna tana jin Larabci sarai. Ta ajiye ɗan dutsen.

"Rarrashin wa? Kai ɗan nan, da ubanka take."

Ta sake rerawa, wannan karon a fili, kalma bayan kalma: gajeren miji mai dogon tsaki, rawani ya fi shi nauyi, in ya shigo kaji su fita. Ta ce yayarta ta ƙirƙire ta ne ranar da mijin ya ce tuwo ya yi ruwa a gaban baƙi, kuma duk ranar da ya ɓata mata rai sai ta ƙara baiti. Shi yana jin ta daga zaure, bai taɓa cewa komai ba, don ya san in ya tanka ya amsa sunansa.

Alhaji ya zuba wa Inna ido. Hoton mahaifin nan nasa yana rataye a shago, da rawanin. Shef ya ga fuskoki sun canja, ya tambaye ni, na fassara masa duka ban rage ba. Ya ciro abin gogewa daga aljihu, ya goge dolce, ya rubuta f guda biyu. Ya ce wannan fortisimo ne, ƙarfi a kan ƙarfi.

Na zaci Alhaji zai yi fushi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba. Ya ce shi dai ya tuna mahaifiyarsa tana kallonsa tana murmushi in tana yi. Inna ta ce ƙwarai, ai kai ma gajere ne.

Shef ya kaɗa abin da ya rubuta a piyano don mu ji. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce wannan faretin soja ne, amma ya yi ƙoƙari, a gaishe shi. Ya ba ta agwagwa guda. A tasi ta riƙe ta a cinya, ta ce akwai baitoci da ba a rerawa gaban baƙo. Alhaji ya ce direban ma ai baƙo ne. Ta leƙa ta tambayi direban da Larabci ko yana jin Hausa, ya ce ko kaɗan, sai ta gyara murya.