Ranar da Malam Ilu Ya Tuɓe Hula

Duk wanda ya san Malam Ilu, Allah ya jiƙansa, ya san cewa ranar Talata da Laraba, ƙarfe uku na yamma, ba a buga masa waya. Ko ka buga ba zai ɗauka ba. Tun da sauran kwata yake shiga ɗaki ya sako babbar riga, ya gyara zaman hularsa ta Damagaram, ya shafa turare, sannan ya fito falo ya zauna gaban tele, kaye, wato littafin rubutunsa, a cinya, cokali a hannun dama, tasbaha a hagu. A lokacin ne ake nuna 'yan majalisar dokokin Faransa, waɗanda ake kira depite, suna yi wa ministoci tambayoyi.

Ranar da na fara ganin haka, ban daɗe da barin Paris na kama aiki a Lyon ba, na hau benensu a Rillieux, a gefen Lyon, don in gaishe shi a matsayin babba daga garinmu. Na same shi cikin wannan shiga na ce, "Malam, biki za mu?"

Ya ce, "Majalisa za mu. Kai ma gyara zamanka, Malam Habu. Ana zama gaban manyan ƙasa a karkace ne?"

Na ce, "Ai ba sa ganinmu."

Ya ce, "Ni ina ganinsu."

Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar rini, bai taɓa zama a aji na boko ba, a gaban wannan tele ya koyi Faransanci. Shi ya sa ko burodi zai saya, sai ya yi wa mai shago jawabi kamar yana gaban shugaban majalisa, matar tana riƙe da burodin tana jira ya kai aya.

Kowane abu da ke hannunsa da aikinsa. Minti biyu ake ba mai tambaya, minti biyu mai amsa, shi kuwa Malam Ilu bai yarda da agogon Turawa ba. Ya auna ya gano cewa istigfari ɗari, in an ja shi a natse, minti biyu ne cif. Minista na buɗe baki zai fara jan tasbaha. Yana kai ɗari sai ya ƙwanƙwasa tebur da cokali, "Lokacinka ya ƙare!" Kayen kuwa da ajami yake cika shi. Shafin dama abin da aka tambaya: me ya sa aka rage malamai a makarantun ƙauye, me ya sa majiyyata ke kwana a baranda, yaushe za a gyara jirgin ƙasa. Shafin hagu abin da aka amsa. Ni kaɗai ke iya karanta hannunsa, don allonmu ɗaya ko da yake ya girme ni nesa, kuma ina shaida muku, shafin hagu yawancinsa kalma biyu ce: "Gaisuwa kawai."

Abu ɗaya ne majalisa ba ta taɓa ci masa ba, shi ne salla. In sanyi ya shigo, La'asar ta faɗo tsakiyar zama, sai ya miƙe ya ƙwanƙwasa cokali ya ce wa tele, "An ɗage zama!" Ya je ya yi sallarsa ba gaggawa. In ya dawo sai ya tambayi matarsa, "Hajiya Mariya, me ministan ya ce?"

"Bai ce komai ba, Malam."

"Na san bai ce komai ba. Da waɗanne kalmomi?"

Kai, Hajiya ta sha fama! Ita ce ministar cikin gida, ita ce ta abinci, ita ce ta lafiya. Wata rana muna cin tuwo ya ajiye loma, ya gyara murya, ya ce yana da tambaya ga gwamnati: mene ne dalilin da ya sa gishiri ya yi yawa a miya kwana uku a jere, kuma wane mataki za a ɗauka? Hajiya ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Ina godiya ga mai girma depite da wannan muhimmiyar tambaya. Matsalar nan mun gaje ta ne daga wanda ya je kasuwa ya sayo daddawa mai gishiri don ta fi araha. Mun kafa kwamiti."

Malam Ilu ya dube ni. Ya ce, "Ka gani? Shekara ashirin tana cewa ba ta kallo."

To, ana nan sai ciwon ƙoda ya kama Hajiya. Aka sa ta wankin ƙoda sau uku a mako, a wata ƙaramar cibiya da ke bayan kasuwar unguwa, tafiyar minti goma da ƙafa. Malam ke riƙo hannunta su je, ya zauna ya jira, ya riƙo ta su dawo. Bayan shekara biyu sai aka liƙa takarda a ƙofa cewa za a rufe wurin, a haɗe shi da wani babban asibiti can ɗaya gefen Lyon. Ga mai lafiya ba komai ba ne. Amma wanda ya taɓa ganin yadda mutum ke fitowa daga injin nan, jiki kamar an matse tsumma, ya san abin da doguwar hanya take nufi. Hajiya da kanta ta ce masa, "Malam, ni fa in can ne, ba zan iya ba."

Washegari ya kira ni. Ya ce in ɗauki hutun rabin yini, za mu biro, wato ofishin depiten yankinmu, wata mata mai furfura da tabarau, wadda ke karɓar jama'a ranar Juma'a. Na ce, "Malam, ai ba ka da takardar ɗan ƙasa, ko ƙuri'a ba ka jefawa."

Ya ce, "Ƙodar Hajiya ba ta san da haka ba. Tashi mu je."

Ya rubuta wasiƙa shafi uku da ajami, da tawada, har da jan wasali. Madam ta karɓa ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta ce rubutun yana da kyau ƙwarai. Ya ce ba don ado ya kawo ba, ga mai karantawa. Na fara fassarawa. Bismilla, sai salati, sai gaisuwa ga Madam, da iyayenta in suna raye, da maigidanta, da yara, da gajiyar aiki, da sanyin bana. Ina tsakiyar shafi na biyu, ban ko hango maganar ƙoda ba, sai na ji ƙwas! a kan teburin matar. Ashe ya zo da cokalin a aljihu.

"Lokacinka ya ƙare!"

Na ce, "Haba Malam! Ai wasiƙarka ce!"

Ya ce, "Doka doka ce."

Madam ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ta ce ta ƙara mini minti biyu. Da na kai layin ƙarshe, inda tambayar take, dariyar ta ɗauke. Ta ce za ta aika wa ministan lafiya tambaya a rubuce, kuma ƙa'ida ta ba shi wa'adin da zai amsa.

Wa'adi ya zo ya wuce, shiru. Daga nan Malam Ilu ya mai da biron nan wurin zuwansa. Kowace Juma'a, ana saukowa daga masallaci, sai ya je ya zauna a layi. In an zo kansa ya shiga, ya gaishe ta gaisuwa cikakkiya, ya ce, "An amsa?" Ta ce ba a amsa ba. Ya ce, "To, sai Juma'a." Bai taɓa ɗaga murya ba, bai taɓa fashi ba. Ranar da dusar ƙanƙara ta hana motoci tafiya, da ƙafa ya je. A ƙarshe matar ta ce masa akwai zaman da ake yi da safe, inda depite ke tambayar minista baki da baki kan abin da ya shafi garinsa, kuma ta samu gurbi. Ta ce, "Ka zo Paris. Ina so in ya ɗaga kai ya ga mutum."

Jirgin ƙasa mai gudu? Ina! Ya ce wanda ke sauri haka bai yarda da ƙaddara ba. Bas muka hau, muka yini a hanya, muka sauka a fwaye, masaukin ma'aikata baƙi, a Montreuil wurin 'yan garinmu. Da safe ya fito cikin farar riga, hula ta sha guga a hannun Hajiya.

A nan sai in tsaya in yi maganar hular nan. Shekara goma sha biyu ina tare da shi ban taɓa ganin kansa ba. Ko alwala yake, sai ya ɗan tura ta baya ya shafa ya maido, kafin ka ƙifta ido. Mutanen Lyon har gardama suke ko da ita yake barci. An tambayi Hajiya ta ce gwamnati ba ta tsokaci kan wannan batu.

A ƙofar majalisa aka fara da cokali. Injin bincike ya yi ƙara, ma'aikacin ya ɗaga shi sama ya ce na mene ne? Malam ya ce na tsare lokaci ne. Aka ce za a ajiye masa. Ya haƙura. Da muka kai matakalar da ke hawa inda baƙi ke zama, wani ma'aikaci cikin baƙar kwat ya tare mu da ladabi. Ya ce ƙa'idar wurin uku ce: a zauna, a yi shiru, kai a buɗe.

Malam ya juyo ya ce, "Me ya ce?" Alhali ya ji sarai.

Na ce, "Hula, Malam."

"Ka gaya masa saboda girman majalisar nan nake sa ta. Shekara nawa ina sa ta a gaban tele!"

Na gaya masa. Mutumin ya ce ya gode, amma a nan tuɓewa ita ce girmamawa. Na yi ƙasa da murya na ce, "Malam, zauna a nan, in hau in jiyo maka. Ba abin da zai ragu."

Ya dubi matakalar, ya dubi ma'aikacin. Can ya ce, "Na ce wa Hajiya da kunnena zan ji. Matar nan kuma ta ce minista ya ga mutum. In ya ɗaga kai ya ga kujera fa?" Ya sa hannu biyu ya sauke hular a hankali, ya rungume ta a ƙirji. Jama'a, sanƙo ne fes, yana ƙyalli har fitilun wurin suna wasa a kai! Na kau da ido da sauri. Ya ce, "Malam Habu, in ka faɗa wa mutanen Lyon ina raye, ban yafe ba. Bayan raina, ka faɗa, su yi dariya su yi mini addu'a." Ga shi yau na cika.

Muka hau. Shi da ya saba ganin zaure cike a tele ana ihu, sai ga jajayen kujeru wayam, mutanen ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ya raɗa mini, "Ina mutanen? Ko an yi rasuwa?" Madam ta miƙe. Ba ta ambaci suna ba, ta dai ce akwai wata dattijuwa a yankinta da mijinta ke riƙo hannunta sau uku a mako, tafiyar minti goma, kuma tana so ta san abin da gwamnati za ta ce wa wannan mata. Na waiga na ga hawaye na bin gemun Malam, bai ko share ba, hannuwansa na kan hula.

Wanda ya tashi amsa ma ba ministan lafiya ba ne, wani ƙaramin minista ne aka aiko da takarda. Ya fara da godiya, ya bi da irin ƙoƙarin da gwamnati ke yi. Tasbaha na tafiya. Hamsin, gaisuwa. Saba'in, gaisuwa. Wajen casa'in ministan ya ɗaga kai, ko mu ya duba ko agogo, Allah ne masani, ya ce an dakatar da rufe cibiyar har sai an sake nazari tare da majiyyata. Malam Ilu ya buɗe kaye, ya rubuta a shafin hagu: "Ya amsa rabi."

Muna fita ya mai da hula kafin ya karɓi cokali, sannan ya ce in buga wa Hajiya. Na sa a amsa-kuwwa don kunnensa ya yi nauyi. Ko gaisuwar ba su ƙarasa ba ta ce, "Malam, ka tuɓe hula, ko?"

Ya harare ni. Na rantse ban faɗa ba. Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Shekara arba'in, ban san muryarka ba in kanka ya sha iska? Ka dawo gida, na rage gishiri."

Nazarin da aka ce za a yi, kwamiti ya miƙa wa kwamiti, har yau ban ji an gama ba, cibiyar kuma tana nan a buɗe. Malam ya ce wannan ne karo na farko da jinkirin gwamnati ya yi wa talaka rana.

Duk mun ɗauka Hajiya za ta riga shi, sai Allah ya yi nasa ikon. Ranar Laraba ce na je duba shi a gida, ƙarfe uku ta yi, tele a kashe. Na ce in kunna? Ya girgiza kai. Ya ce, "Malam Habu, shekaru ina zaune ina auna amsar mutane. Inda za ni yanzu ni za a tambaya. Can ba a karanta takarda, ba a aika wakili, ba a cewa laifin na baya ne. Ka roƙa mini kada in yi gaisuwa kawai."

Hajiya na nan, 'yarta ke riƙo hannunta yanzu, minti goma da ƙafa. Hular na kan tele. Makon jiya ta ce mini tun da ya tafi ba wanda ya tambaye ta dalilin komai, miya ko ta yi gishiri ko ba ta yi ba, sai a ci a tashi.

Ya Allah, bawanka Iliyasu ya zo maka. Ka karɓi istigfarin da ya yi ta ja yana auna lokacin wasu, ka sa ya zama nasa. Ka tabbatar da harshensa a wurin tambaya, ka ba shi cikakkiyar amsa, ka yalwata masa makwanci. Ka ba Hajiya Mariya haƙuri da sauƙi, mu kuma ka kyautata namu zuwan. Amin.