Ƙwallayen Dabino Uku na Rafi'u Mai Ruwa

Duk wanda ya zauna a Karantina, can kudancin Jidda, a shekarun sittin, ya san Rafi'u mai ruwa. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka saboda sandar da yake rataya garwa biyu a kanta tun da sassafe. Larabawa na kiransa saƙa, wato mai ruwa a harshensu, Hausawa na ce masa Bafaranshe, don daga Damagaram ya fito lokacin da Faransa ke riƙe da ƙasar. Ko da wanne aka kira shi, amsawa yake yana murmushi. Bawan Allah ne da bai iya cewa a'a ba. Wannan hali ne ya hana shi tara abin duniya, shi ne kuma ya sa babu gidan da zai wuce ba a ce ya tsaya ya sha shayi ba.

Mutum biyu yake da su a garin nan. Na farko Baba Salihu, Bahaushen Sudan, mai gasa tsire a bakin kasuwa. Shi ya tsinci Rafi'u a Bor Sudan kwance da zazzaɓi, bayan shekara uku yana tafe yana tsayawa tsinkar auduga, ya yi jinyarsa, ya haye teku da shi. Na biyu Yaya Husaini, haifaffen Jidda, masinja a wani ofishi a unguwar Bagdadiyya, wanda kakansa ya zo aikin hajji bai koma ba. Rabin Hausarsa Larabci ne, kuma ba ya son a gaya masa. Shi ya ba Rafi'u auren ƙanwarsa Mastura a lokacin da angon bai mallaki komai ba sai sanda da garwa. Rafi'u yana ƙaunar mutanen nan biyu har cikin ransa, su kuwa ko gaisuwar kirki ba sa yi wa juna.

A 1967 unguwa ta cika ta batse, famfon gwamnati kuma, wanda suke kira bazan, yana can nesa. Umda, wato mai unguwa, ya ce Hausawa su fitar da mutum ɗaya da zai raka shi hukumar gari a roƙi a kafa musu nasu. Nan fa aka yi ta. Baba Salihu ya ce shi ne babba. Yaya Husaini ya ce shi ya san ƙofofin ofis. Mutanen Sudan suka ja gefe, haifaffun Jidda suka ja gefe, sauran suna kallo.

Da safe Baba Salihu ya tare Rafi'u a hanya.

"Ɗana, ai ba sai na roƙe ka ba."

"Haba Baba, wane irin roƙo."

Da azahar Yaya Husaini ya leƙo gida.

"Ya Rafi'u, inta namu ne. Halas, magana ta ƙare, na sa ka a lissafina."

"To, Yaya."

Ya amsa wa kowa, ya rasa inda zai sa kansa. Ya san tsofaffin nan sarai: wanda duk ya bari, ya bar shi ke nan har kabari. Kwana biyu abinci ya ƙi shiga. Mastura ta dube shi tana dariya, ta ce, "Malam, kai da famfon nan zai raba da sana'arka, kai ne kuma ke ramewa a kansa?"

Ya ce sana'a ba ta dame shi ba, Allah na nan.

Yana cikin ɗiban ruwa ranar ta uku sai wani abu ya faɗo masa. Shekarar da zai baro gida an yi zaɓen majalisar yanki. Bai fahimci siyasar ba, an dai miƙa masa takarda ya jefa. Amma ya riƙe abu ɗaya: ƙasar Damagaram guda ce, wakilan da ta tura Yamai kuwa da yawa ne, sunayensu a jere. Ya ajiye garwa a tsakiyar hanya ya tsaya yana dariya shi kaɗai.

Bayan sallar la'asar, a ƙofar masallaci, mutumin da bai taɓa magana a taro ba ya miƙe. Ya ce a ƙasarsu gari ɗaya kan tura mutum uku ko fiye, kowa ya tafi da bakinsa. Me zai hana Karantina ta tura uku? A ba kowane magidanci ƙwallon dabino uku, a jera garwa da sunan kowane mai so, mutum ya jefa wa uku daga ciki, kada ya zuba biyu a wuri ɗaya. Aka yi ta jinjina, ana cewa ashe Bafaranshe ya yi karatun duniya. Da aka kai wa Umda maganar ya ce su kawo goma ma, in dai ba a ofishinsa za su yi faɗan ba.

Jin kujera uku sai Abdulghani tela da Mahmud direba suka fito, masu so suka zama huɗu. Ranar Juma'a da yamma aka rataya bargo a jikin katangar masallaci, aka jera garwa huɗu a bayansa don kada a ga wanda mutum ya zaɓa. Rafi'u ne ya kawo garewanin, kuma a nan ya tafka kuskure, don bai zuba yashi a cikinsu ba. Garwar da babu komai a ciki ba ta da sirri. Ta Baba Salihu sabuwa ce, in ƙwallo ya faɗa sai ta ce ƙal. Ta Yaya Husaini ta lotse a gindi, sai ta ce ƙwam. Kafin mutum biyar su shiga, kowa a wurin ya haddace muryar kowace garwa.

Tsofaffin biyu suka gyara zama, kowa ya karkata kunne. Yanzu kuma ba wanda aka jefa wa suke ƙirgawa ba kawai, har da wanda aka fara jefa wa. Wani ya fito, Baba Salihu ya ce masa, "Na gode, ko da yake ni ne na ƙarshe a wurinka." Wani ya fito, Yaya Husaini ya kau da kai ya ce, "Ɗayyib, mun ji."

Rafi'u ya ga abin da ya jawo wa kansa. Duk dabarar da ya ƙulla don kada ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya, ga ta ta dawo masa. Ya yi ta ja da baya a layi har ya zama babu kowa sai shi.

"Yalla, ya Rafi'u," in ji Yaya Husaini.

Rafi'u ya matso. Ya shiga bayan bargo, ya jefa wa Abdulghani nasa tukuna. Sannan ya janyo garwar Baba da ta Yaya kusa da juna, ya tsuguna a tsakani, ƙwallo ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu. Mutumin da ya shekara shida yana daidaita garwa biyu a kan sanda ɗaya ba ya rasa sanin yadda ake saita hannu. Ya yi bismilla ya sake su tare.

Ƙara ɗaya aka ji, ba ƙal ba, ba ƙwam ba.

Ya fito yana share gumi. Baba Salihu ya dubi Yaya Husaini, karo na farko a ranar.

"Tawa ce ta fara."

"Wallahi, ya Ammi, tawa ce."

Suka kama musu, jama'a na ta dariya, har su ma dariyar ta ci ƙarfinsu. Da aka zazzage garewani, su biyun da Abdulghani ne suka haye. Sun yi wata bakwai suna zarya hukumar gari, Yaya Husaini na magana, Baba Salihu na gyara masa, Abdulghani na raba su. Aka kafa famfo. Rafi'u ya rataye sandarsa, aka ba shi aikin buɗe famfon da rufe shi, yana zaune a inuwa yana raba rigimar layi har ya yi furfura.

Maganar garwa kuwa ba ta mutu ba. Duk sanda Baba Salihu ya same shi shi kaɗai sai ya rage murya ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, wane hannu ka fara buɗewa?" Yaya Husaini ma haka, sai dai shi da Larabci yake tambaya. Rafi'u kan ce tare ya sake su, kowannensu kuma ya ɗauka kunyar ɗayan yake ji, ya dafa masa kafaɗa ya tafi yana jin daɗi.

Ranar da Baba Salihu ya rasu, Yaya Husaini ne ya riƙe gaban makara, Rafi'u na bayansa. A hanyar dawowa daga maƙabarta tsohon ya kama hannun mijin ƙanwarsa, idonsa ya yi ja, ya ce, "Ya Rafi'u, in tasa ce ta fara, ka bar masa. Ya cancanta."