Zazzaɓina da Randar Mama Laraba

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Duk saƙonninku na gani, kunya ce ta hana ni amsawa. Jiki ya warke tuni, zuciya ce da saura.

Ga wanda bai san ni ba: a Zariya aka haife ni, ina 'yar shekara goma sha biyu muka koma Kanada. Bara na zo aikin sa kai, ina koyar da karatu a firamaren wani ƙauye bayan Kwali. Ƙungiyar da ta kawo mu ta sauke ni gidan Mama Laraba, dattijuwa 'yar Gbagyi mai ginin tukwane.

Kafin mu taso an ba kowa maganin rigakafin maleriya, ƙwaya ɗaya kullum. Turawan da muka zo tare ba sa fashi. Ni kuwa su 'yar ƙasa manya! Yara na ce mini Baturiya, abin na ci mini rai. Sati biyu na sha, na tura sauran ƙasan akwati. Gidan sauro ma na naɗe shi, wai zafi.

Mama Laraba kuwa kullum da sassafe za ta ɗauko itace a kafaɗa, ta tafasa ruwa, ta tace, ta juye a wata tsohuwar randa da mahaifiyarta ta gina. Duk gidan ni kaɗai ake yi wa wannan wahalar.

"Malama, ka sha, na dafa shi," haka take cewa.

A wata na uku abin ya fara. Ciwon kai, ɗacin baki, sai sanyi da tsakar rana har haƙora na haɗuwa. Na sha farasitamol na tafi aji. Kwana na huɗu ina rubutu a allo na yanke jiki na faɗi.

Malam Sani, jami'in da ke kula da mu, shi ya ɗauko ni zuwa cikin gari. A mota ya ce, "Kina shan maganinki dai ko?"

Na ce, "Ina sha."

"To ruwa fa?"

"Na randa nake sha."

Ban ce masa dafaffe ne ba. Na ga ya girgiza kai, na rufe ido na ƙyale shi da zatonsa.

Asibiti mai zaman kansa ne kusa da Jabi. Ɗibar jini, ƙarin ruwa leda bayan leda, allura ta jijiya, awon zafi duk bayan awa huɗu. Fitsarina ya koma kamar shayi. Na ji tsoron mutuwa ƙwarai, na yi ta kiran sunan Ummata. Ko sisi ban biya ba, inshora ta ɗauke komai, har da ɗaki mai na'urar sanyi.

Da sakamako ya fito, likitar, wata Bakatsiniya mai faɗa, ta ja kujera ta zauna.

"Babu taifod. Maleriya ce mai tsanani. Yaushe rabonki da maganin?"

Na sunkuyar da kai na gaya mata.

Ta ce, "Hajiya, shekara ashirin a waje, garkuwar yarinta ta daɗe da barin jikinki. Da an ƙara kwana ɗaya, da labarin daban ne."

Likita na gaya wa gaskiya, ban gaya wa Malam Sani ba.

Kwana tara na yi a gado, sannan sati uku gidan gwaggona. Da Malam Sani ya zo dubiya yake ba ni labari: sun cire gidan Mama Laraba daga gidajen saukar baƙi, an tura masu duba-gari sun leƙa randunanta a gaban maƙwabta. A kasuwa ana cewa tukwanenta na sa cuta, mata sun fara wuce ta.

Kun san me na ce? "Allah ya kyauta." Wallahi abin da na ce ke nan, na ci gaba da shan farfesuna.

Sai da na koma kwaso kayana. Mama Laraba na hango ni ta jefar da yumɓun hannunta ta rungume ni.

"Malama, ka yafe mini. Ban san randan ya lalace ba."

Na kalli kusurwar tsakar gida. Ba randa, sai zagayen gurbinta a ƙasa. Ta fasa ta da taɓarya tun ranar da masu duba-gari suka zo, don kada wani ya sake sha.

Na shiga ɗaki na zazzage akwati, na fito da maganin, na zube shi a gabanta da matan da suka taru. Na faɗi komai, ina kuka. Na kira Malam Sani a waya na maimaita masa a gabansu.

Mama ta dubi gurbin randar. Sai ta ce, "Ashe ba randan Mamana ba ne." Ta goge ido da bayan hannu, ta ce, "Yau ka sha maganin?"

An mayar da gidanta cikin jerin gidajen saukar baƙi, ranar kasuwa na tsaya gefen tukwanenta na yi bayani. Wasu sun dawo saye, wasu har yau.

Alhamdulillahi da Allah ya tashi kafaɗuna. Na gode wa likitata, da gwaggona, da Malam Sani da bai kore ni ba, da ku masu addu'a.

'Yan uwa da ke waje, in za ku zo gida ku sha rigakafinku har ƙarshe, ku kwana cikin gidan sauro. Zazzaɓi ya fara, a je gwaji ranar. In an tambaye ku abin da ya faru, ku faɗe shi duka, domin abin da kuka rage kan wani zai faɗa.

Na koma gidan, ina koyarwa. Na roƙi Mama ta gina sabuwar randa, ta gina, ta fi tsohuwar kyau. Amma a wani gefen ta ajiye ta, gurbin waccan har yanzu ba ta yarda an sa komai a kai ba.