Maɓallin Hitar Mama

Shekarata ta biyu ke nan a birnin Greensboro, ina karatun digiri na biyu, ina haya a wani bene da ke bayan titin Wendover. Ƙofata na kallon ta wata tsohuwa Bayahudiya da nake kira Mama. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma ni ke jan ta. Mama amsa ɗaya take bayarwa ta shige.

Wata safiya aka wayi gari wani ya zana mata alamar 'yan Nazi a ƙofa da baƙin fenti. Kwana biyu bayan haka hukumar birni ta zuro mana takarda: gwamnati ba za ta lamunci ƙin jinin Yahudawa ba, kuma jami'i zai zo ran Litinin ya ji ta bakin maƙwabta. Na karanta ta, ina jin, sau bakwai. Ni kaɗai ne Musulmi a benen, ga gemu, ga bizar ɗalibi da ko tari mai ƙarfi zai iya kaɗe ta.

Na buga wa wani Alhaji ɗan Nijar da ke aikin sito waya, ko zai kwantar min da hankali.

"Malam, fara ɗaure kaya," in ji shi. "Tukunyar shinkafar nan taka mai lantarki, ni za ka bar wa."

"Haba Alhaji, don Allah."

"To je ka jajanta wa tsohuwa mana! A garinku sai gwamnati ta aiko takarda ake shiga gidan maƙwabci?"

Ran Asabar da hantsi na ƙwanƙwasa mata. Na tuɓe takalmi, na ɗosana a bakin kujera, hannuwa bisa gwiwa, na yi jaje. Ɗakin kamar firji. Mama na ƙudundune cikin bargo.

"Akwai sanyi a ɗakin nan," in ji ta.

"Akwai kam, Mama. Sannu."

"Hitar a kashe take tun jiya."

"Ayya. Allah ya kawo sauƙi."

"Ga maɓallin can a bango. Daidai kafaɗarka."

Na waiwaya na dube shi da kyau. "Lallai kuwa," na ce. "Ga shi nan."

Ya kamata in kare kaina, ko da ba zan fita fes ba. A gidanmu baƙo ba ya taɓa komai a ɗakin babba sai an ce masa taɓa. Kuma, in faɗi gaskiya, na hango Litinin, na hango zanen yatsana a bangon matar da aka ɓata wa ƙofa. Abin da ban sani ba shi ne, ran Asabar addininta ya hana ta kunna abin wuta, ya kuma hana ta ce wa wani kai tsaye ya kunna mata. Sai dai hannunka-mai-sanda. Ni kuwa, da na taso inda kowace gwaggo ta ƙware a wannan fanni, na yi awa guda ina jera mata sannu, haƙorana na kaɗawa.

Ran Litinin jami'in ya zo da ɗan littafinsa. Na fito riƙe da fasfo, da katin makaranta, har da takardar rigakafi, wadda wataƙila ba a buƙata. Bai gama tambayar ina nake a ranar da abin ya faru ba, Mama ta leƙo daga ƙofarta.

"Wannan?" ta ce. "Rabu da shi. Awa guda ina nuna masa maɓallin hita ran Asabar, ina daskarewa, ya kasa miƙa yatsa. Shi ne zai ɗauki fenti ya taɓa min ƙofa?"

Jami'in ya yi dariya har ya dafa bango. Shi ya yi min bayanin Asabar ɗin, ya rufe littafinsa, ya wuce ƙofa ta gaba. Fasfon ko kallo bai ishe shi ba.

Da na ba Alhaji labari, sai ya yi tsaki. "Wato tukunyar ba ta fito ba ke nan."

Asabar ta gaba na koma gaida Mama. Ta ja bargo, ta dube ni ta saman tabarau.

"Akwai sanyi a ɗakin nan."

Na tashi na nufi maɓallin. Amma sai da na tambaye ta sau biyu ko ta tabbata.