Yabon Anasara a Gonar Aro

Tun ina makarantar Baibul a ƙetaren iyaka, inda na koyo Ingilishi, na lura da wani hali na masu harshen, kuma har yau bai kwanta mini ba. Ba sa iya cewa mutum ya yi abu su yi shiru. Sai sun ƙara da yadda ya yi shi. Ya shigo, amma a hankali. Ta amsa, amma a sanyaye. Ya ba da kyauta, amma ransa bai so ba. Mu a wajenmu, in mutum ya gaishe ka, ya gaishe ka ke nan. Wanda ya zo yana ba ka labarin yadda fuskar mai gaisuwar take, sunansa magulmaci. Ba wai Hausa ta rasa kalmomin ba ne, muna da su buhu-buhu. Mun dai san ba a gaban kowa ake kwance bakin buhun ba.

Saboda haka da fasto ya ce ni zan yi wa wani Anasara tafinta, na amsa ne kawai don ba a yi wa fasto gardama. Baƙon ya zo ƙauyenmu, can wajen Bawdeta, don ya ga yadda manoma ke sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a cikin gona maimakon a sare shi a ƙone. Mutum ne mai fara'a, dogo, wuyansa ya yi ja don rana. Bai iya Faransanci ba sai gaisuwa, Hausarsa kuwa ba ta wuce "sannu" ba, ita ma yana yi wa kowa har jakai. Fara'ar ce ta fi damuna. Duk abin da ya gani sai ya yaba, kuma ba abin yake yabo ba, yadda ake yinsa yake yabo. Mata suna jan ruwa cikin natsuwa. Tsofaffi suna zama cikin mutunci. Na ce a raina, wannan da ke ƙirga motsin mutane haka, wa ya aiko shi?

Gonar da babana ke nomawa ba tamu ba ce. Tamu ta gado ƴar ƙarama ce, kuma rairayi ya cinye rabinta. Wadda ke cika mana rumbu ta wani Alhaji ce, maƙwabcinmu, wanda ya ara wa Baba ita tun ban yi wayo ba. Shi Musulmi, mu Kirista, amma naman layyarsa bai taɓa wuce ƙofarmu ba, shinkafarmu ta Nowel, wato Kirsimeti, kuma gidansa take fara shiga. Kowace kaka Baba kan kai masa dami, su yi gaisuwa, Alhaji ya ce, "Allah shi kai mu baɗi." Wannan kalmar ita ce duk igiyar da ke riƙe da tuwon gidanmu.

Gonar aro tana da doka wadda ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini, amma kowa ya san ta. Ka shuka gero, ka shuka wake, ka kwashe. Itace kuwa ba ka dasa shi, domin itace na wanda zai daɗe ne, kuma mai dasa shi kamar yana cewa nan ɗiyansa za su sha inuwa. Baba bai dasa ko ɗaya ba. Toho ne ya fito da kansa daga tsofaffin kututture, gawo da kalgo da sabara, shi kuma ya bar su yana rage musu rassa. Alhaji ya gani bai ce komai ba, tunda ƙasar ta yi kyau, geron ya ƙaru, damin da ake kai masa ma ya ƙara kauri.

Da Anasara ya ji labarin gonar ya ce lalle sai ya gan ta. Na yi ta kawo dalilai: hanya da nisa, rana da zafi, akwai wasu gonakin kusa. Ya yi dariya ya ce ai tafiya yake so. Da hantsi muka fita. Alhaji, da ya ji za a kai baƙo gonarsa, ya ɗauki sandarsa ya biyo mu, tare da babban ɗansa wanda ya daɗe yana cirani a Ikko.

Mun tarar da Baba durƙushe gindin wani ƙaramin gawo. Bai san mun iso ba. Yana riƙe da reshe da hannun hagu, yana saran na ƙasa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, in ya gama sai ya shafa wurin da babban yatsa. Na sha ganinsa yana haka, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba. Anasara ya tsaya cik. Sannan bakinsa ya buɗe.

Ya ce ya zagaya ƙasashe da dama bai ga mai yi wa itace irin wannan riƙo ba. Ya ce mutumin nan yana sara a hankali, cikin haƙuri, cikin ƙauna. Ya ce dubi yadda yake taɓa shi, kamar uba da jaririnsa. Ya ce da gani ka san ba don bana yake yi ba, yana yi ne irin na wanda ke tunanin jikokinsa. Yana faɗa idonsa har da ƙwalla, ya juyo gare ni yana jira in juya maganar da Hausa.

Na dubi Alhaji na ce, "Ya ce Baba ya iya sassabe."

Alhaji ya jingina da sandarsa. Tsoho ne da ya yi shekaru yana cinikin dabbobi a kasuwar Mayahi, ba a yi masa rufa-rufa.

"Ɗana," ya ce, "maganar baƙo ta yi zango guda, taka ko taki ukku ba ta yi ba. Ina saura?"

"Baba Alhaji, haka harshen nasu yake. Surutu ya yi mishi yawa."

"To." Ya juya wajen ɗansa. "Kai da ka zamna Ikko, mi yac ce?"

Ingilishin ɗan Alhaji na tasha ne, amma ya isa. Bai ƙara ba, bai rage ba. Ya kawo haƙurin, ya kawo ƙaunar, ya kawo jaririn. Da ya zo kan jikoki sai ya ɗan sassauta murya, amma ya faɗa.

Baba ya miƙe tsaye yana kaɗe gwiwa. Alhaji ya bi gonar da kallo tun daga gambar iyaka har ƙarshenta, itace bayan itace, kamar ranar ya fara ganinsu. Daga nan ya dube ni, kuma kallon da ya yi mini ya fi wanda ya yi wa itatuwan tsawo. Na gane abin da ke ransa. In babu wani nufi, me ya sa ɗan gidan ya ɓoye maganar?

"Madalla," ya ce. "Allah shi yi albarka."

Anasara ya tambaye ni me tsohon ya ce. Na ce ya sa albarka. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ai ya ga alama, domin tsohon ya faɗe ta da zuciya ɗaya. Wannan karon kam gwanin lura bai ga komai ba. Haushi ya kama ni har na kasa dubansa.

Ya koma ƙasarsu kafin ruwa ya sauka. Duk daminar nan ina sa ido. Alhaji na amsa gaisuwa kamar kullum, amma ya fara zagayawa ta gonar da la'asar, abin da bai saba ba. Ɗansa ya sayi sabuwar hauya. Wani dattijo ya tare ni a bakin rijiya yana tambaya wai gaskiya ne Anasara ya ɗauki hoton gonar don a yi mana takardar mallaka a Tasawa. Ba a ɗauki hoton komai ba, amma wa zai yarda? Ni kaina na koma ina auna kowace sallama da aka yi mana, ina neman abin da ke ƙarƙashinta.

Da kaka Baba ya ɗaura dami mafi kyau, na ɗauka masa muka tafi. Alhaji ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Suka yi gaisuwa mai tsawo, suka taɓa zancen farashin wake. Sai da muka tashi tafiya ya ce, "Malam, yaron nan ya gaji da Ikko. Shina son shi zamna gida shi yi noma. Ka san halin ɗiyan yanzu."

Baba ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Gona taka ce. Mun gode da abin da munka ci."

A hanya ban iya yin shiru ba. Na zagi Anasara, na zagi harshensu da ba ya barin mutum ya yi aikinsa sai an bi shi da sharhi. Na ce da ya ce gona ta yi kyau ya tsaya nan, da yanzu muna da abin nomawa baɗi. Baba yana gaba, hannuwansa a baya, har muka kusa gida.

"Abin da baƙon ga yac ce," ya ce, "ƙarya yay yi mini?"

Ya tsaya ya juyo, yana jira.

"A'a, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Ni na ɗauka cikin raina kaɗai abin yake. Ashe ana gani."

Ya shige gida, ya ce wa innata a riƙa rage awon tuwo tun daga yau.