Robar da Aka Ɗaure wa Fijon Yamusa

Duk wanda ya san Jikwoyi tun kafin gidajen haya su cinye ta ya san rumfar Malam Mika'ilu Kafireta a bakin hanyar Karshi. Bazazzage ne, ya zo Abuja da ƙuruciyarsa lokacin da Fijo ke tashe, kuma laƙabin nan ba a banza ya same shi ba. Da kunne yake gyara. Sai ya karkata kai, ya riƙa juya ƙusar silo ta kafireta, mai daidaita bugun inji in mota na tsaye, kaɗan-kaɗan har injin ya daina rawa ya kwanta luf.

Daga baya zamani ya juya masa baya. Motocin yanzu ba su da kafireta, na'ura ake jona musu ta faɗi ciwonsu, tsofaffin kuwa 'yan gwangwan sun kwashe. Gyaran janareta ke ciyar da shi, amma ko kusa ba ya kiran wannan aiki. Mota ɗaya ta rage masa a duniya, tsohuwar Fijo a-kori-kura ta Yamusa, wani manomin doya daga Orozo. Tun tana sabuwa babu hannun da ya taɓa shiga cikinta sai nasa. Ana cewa kishi kumallon mata ne, to wanda ya faɗa bai zauna da tsohon makanike ba.

Da damina ta yi nisa bana, motar ta ɗauki wani hali. Da safe, in ƙasa ta kwana a jiƙe, sai ta yi ta karkarwa tana tari, da an ɗaga ƙafa daga totur ta mutu. In rana ta take kuma lafiya lau. Yamusa ya kawo ta wata Talata don a duba. Malam Mika'ilu na ɗaga bonet gabansa ya faɗi. An yanko robar tsohon tib na taya an lulluɓe murfin distiributa da ita, wurin da wayoyin fulogi ke haɗuwa, an ɗaure tsaf da waya.

"Wa ya taɓa min mota?"

"Ah, Oga Malam, ba komai ba ne," in ji Yamusa. "Dominic ne, wanda yana gyara kusa da coci namu. Ya mutu min a ƙofar gida, shi ne ya taimaka. Ya ce murfin ya tsage small, ruwa tana shiga. Ya ce in kawo maka ka canza."

Malam Mika'ilu ya san gaskiya ce, tun kafin a haifi Dominic ɗin ya san raɓa na shiga tsagar murfi ta ɗauke wuta. Amma ya canza murfin nan a kan maganar wani? Ya fizge robar ya wurga ta cikin kwata.

"Mota ce ko ƙullin goro? Silo ne ya sauka, ba wani murfi."

Ya kwance kafireta ya wanke da fetur, ya hure, ya mayar, ya saita. Da yake tsakar rana ce komai ya bushe, injin ya kwanta kamar jaririn da ya ƙoshi. Ya dubi Yamusa ya ce a gaya wa Dominic ya tsaya a kan babura.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ranar Juma'a aka wayi gari da yayyafi, Yamusa ya lodo doya zai kai kasuwa, motar ta mace masa a tsakiyar laka bai ko fita Orozo ba. Aka sauke doyar cikin ruwa, wasu suka farfashe wajen turi. Dominic ne kusa, shi aka kira. Ya sa sabon murfi, ya sake ɗaure robarsa.

Labarin ya iso rumfa ta bakin 'yan acaɓa, da gishirinsa. Malam Mika'ilu ya ci gaba da share wurin da Fijon ke tsayawa, yana hana masu keke-napep ajiye abin hawansu a nan. Ko matarsa Rabi'atu ta gaji da jin sunan Dominic a kan tuwo.

Bayan kwana biyu, da wata safiya mai ruwa, cunkoso ya tsayar da motoci daidai gaban rumfar. Tun bai ɗaga kai ba ya gane muryar Fijon. Yamusa ya leƙo ta taga, babu ko alamar fushi a fuskarsa.

"Oga Malam, ina kwana! Dominic yana gaishe ka. Ya ce kafireta naka correct ne, bai taɓa ba."

Ya faɗa ne don ya faranta masa, amma bai juyo da sitiyari ya shigo ba. Malam Mika'ilu ya amsa gaisuwar da ƙyar. Ya tsaya a bakin rumfa ruwa na ɗiga masa a hula, ya karkata kai yadda ya saba, yana roƙon Allah a zuci motar ta yi tari ko sau ɗaya, don Yamusa ya waiwayo ya ce masa, "Zo ka duba."

Ba ta yi ba. Hanya ta buɗe, ta wuce abinta.