Bishiyoyin Barista Garba

Barista Garba lauya ne mai kaifin baki, ofishinsa na Ƙofar Kaura ba ya rabo da masu rigimar fili. Aikin ne ya fitar masa daga rai. Duk filin da ya ƙwato wa mutum, in ya koma bayan wata biyu sai ya tarar an kwantar da kuka da tsamiya an jera bulo. Ya rataye baƙar rigarsa ya shiga dashen itatuwa. Matarsa Furera ta ce ko asiri aka yi masa ai sai haka.

Ya dasa a bakin titi, awaki suka cinye. Ya dasa a makarantu, aka yanka filayen aka yi shaguna. Da ya rasa inda zai sa kansa, sai kwanyar lauya ta yi aiki: akwai ƙasar da ba mai sayarwa. Ya nemi izini ya cika wata maƙabarta ta bayan Kambarawa da bedi da marke, yana tura kurar ruwa da kansa, tsofaffin abokan aikinsa na wucewa a mota suna kau da kai. Itatuwan suka kama. Har tsuntsaye suka dawo.

Abin da bai lissafa ba, kabari ba ya rufuwa sai an jera itace. A da daga daji ake kawowa, yanzu masu gawayi sun share dajin, sauran kuma ba ya shiguwa saboda ɓarayin daji. Wata ranar Talata aka kawo gawa babu itace. Malam Babaji, shugaban masu haƙa, ya zo da gatari ya tsaya gabansa cikin ladabi.

"Barista, bawan Allah na kwance cikin rana. Mi za mu yi?"

Mutumin da alƙalai ke shakkar bakinsa ya shige gaban mai gatari. Shi ya nuna marken da za a sara.

Tun daga nan abin ya zama jiki. Gari na ƙaruwa, mutuwa ba ta hutu, itace kuwa sai ya shekara goma. Na same shi bara zaune kan kututture, ya rame, abin tausayi. Ya ce ba saran ke cin ransa ba.

"In na hango makara, kafin in ce Allah ya jiƙan musulmi, sai in ji idona na zagaya itatuwa. Wanga hali nike tsoron mutuwa da shi."